Kwandon Ƙarfe a Ƙuryar Lambu

Baƙon da ya shiga lambun shaƙatawa na gari a Amurka ko a Finland, in ya wuce wurin lilon yara da kujerun tsofaffi ya nausa can baya inda itatuwa suka yi duhu, yana iya yin kiciɓis da wani ƙarfe da zai sa ya tsaya kallo. Sanda ce a kafe cikin siminti, tsayinta ya kai ƙirjin babban mutum. A ƙugunta an ɗaura kwandon ƙarfe mai faɗin daro, daga kanta kuma sarƙoƙi sun zubo sun haɗu a tsakiya. Wasu baƙin sukan ɗauka murhun gasa nama ne, wasu su ce wurin zuba wa dabbobi abinci ne, har akan sami mai jefa shara a ciki da kyakkyawar niyya. Yana tsaye sai ya ji kira daga nesa. Ya waiwaya ya ga faifan roba ya taho yana shawagi tsakanin itatuwa, ya karkata hagu, ya dira a ciyawa taku goma daga ƙarfen. Mai shi ya iso, ya tsaya daidai inda faifan ya faɗi, ya ɗan rusuna, ya wurga wani. Sarƙa ta ce kacau, faifai ya zube cikin kwando.

Wannan shi ne golf ɗin faifai. Dokarsa dokar golf ce, wasan da wasunmu ke kira ƙwallon lambu, sai dai babu ƙwallo, babu sandar duka, babu rami. Fili yakan kasu zango tara ko goma sha takwas. Kowane zango yana farawa daga wani ɗan daɓen siminti inda ake jifan farko, ya ƙare a kwando, kuma tazarar da ke tsakani takan kama daga mita 60 zuwa 150, wani lokaci fiye. Inda faifanka ya faɗi nan za ka tsaya ka sake jifa. Wanda ya gama zangunan da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Faifan kansa bai fi na rufe kwanon tuwo ba: faɗinsa santimita 21 da ɗan wani abu, nauyinsa kuma doka ta hana ya wuce giram 200. Akwai mai kaifin baki na jifan nesa, akwai matsakaici, akwai mai kaurin baki da ake cusawa kwando daga kusa. Gwanaye sukan rataya jaka mai fayafai ashirin. Sabon shiga guda ɗaya ya ishe shi.

Shekara da shekaru ke nan majalisun garuruwa a Amurka da arewacin Turai suna karɓar takarda iri ɗaya daga 'yan wasan: ku ba mu wuri a lambun gari mu kafa kwanduna. Hujjojin da ake kawowa ba sa canzawa, wato araha, lafiyar jiki, baƙi masu kashe kuɗi, da korar 'yan iska daga lungu. Dukansu da ƙamshin gaskiya, amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma wadda aka fi ɗaga murya a kanta ba ita ce ta fi ƙarfi ba.

Asalin wasan ya bayyana dalilin da ya sa lambun gari ake nema ba wani wuri ba. Ana ba da labarin wasu yaran makaranta a Bladworth, cikin lardin Saskatchewan na Kanada, da suka riƙa jifan murafen gwangwani zuwa wani da'ira a ƙasa tun 1926, amma wasan nasu bai bar garin ba. Wanda ake bugawa yau ɗan Kalifoniya ne. Kamfanin kayan wasan yara na Wham-O ya sayi haƙƙin wani faifan roba daga hannun Fred Morrison a 1957, ya sa masa suna Frisbee. Wani ma'aikacin kamfanin, Ed Headrick, shi ya gyara siffar faifan har ya riƙa tafiya daidai a iska. A 1975 Headrick ya shawo kan hukumar lambuna ta gundumar Los Angeles ta bar shi ya tsara fili a Oak Grove Park, gefen Pasadena. A lokacin sanduna ne zalla aka kafa, sai ka doki sanda ka gama zango. Nan da nan gardama ta yi yawa: na taɓa, ba ka taɓa ba. Maganin gardamar shi ne kwandon nan mai sarƙa, wanda Headrick ya yi wa rajista a 1977. Sarƙa ta tsayar da faifai, kwando ya riƙe shi, ba sai an nemi shaida ba. Shekara guda kafin haka, a 1976, ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda har gobe ita ke tsara dokokin wasan. (Mutumin ya so abin nan har ya wuce misali. Da ya mutu a 2002, bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa aka cuɗa tokar cikin robar wasu fayafai. Kunnen Bahaushe ba zai ji daɗin wannan ba, amma haka aka yi.)

Abin lura shi ne, a filin jama'a aka haifi wasan, kuma nan ya girma. Golf, a wurare da yawa, wasan kulob ne mai katanga da mai gadi da kuɗin shiga na shekara. Duk wanda ya taɓa wucewa ta filin golf na Kano ko na Rayfield a Jos ya san irin mutanen da ke shiga. Na faifai bai gaji wannan ba. Manhajar UDisc, wadda 'yan wasan ke rubuta makinsu a ciki kuma take ƙirga filaye, ta nuna filayen duniya sun haura 15,000, fiye da 10,000 daga ciki a Amurka, kuma kusan tara cikin goma kyauta ake shiga. Annobar korona ta ƙara masa mai. A 2020, lokacin da aka rufe gidajen motsa jiki da filayen ƙwallo, wasan da ake yi a sarari, kowa da faifansa, ba cuɗanya, ya zama mafita. Sai da PDGA ta shekara arba'in da ɗoriya kafin ta ba da lambar mamba ta 100,000. Ta 200,000 ba ta ɗauki shekara biyar ba.

Maganar araha gaskiya ce, kuma ba ta da wuyar lissafi. Kwando mai kyau, wanda aka yi wa rufin da ke hana tsatsa, dala ɗari huɗu zuwa shida ne, kuma yakan shekara ashirin a waje. A ƙara daɓen jifa da allon da ke nuna hanya. Zango tara, in 'yan sa kai suka yi haƙa da kwaɓa siminti, ba sa kaiwa dala dubu goma. Filin tanis guda ɗaya ya ninka haka sau da yawa, filin golf kuwa miliyoyi ake magana. Ba a bukatar ban ruwa, ba a bukatar takin zamani, ba a bukatar ciyawar nan mai laushi da ake askewa kullum safiya. Ga ɗan wasa ma haka: faifai dala goma zuwa ashirin, takalmin da ke ƙafarsa, shi ke nan.

Sai dai akwai kuɗin da ba ya fitowa a takardar 'yan wasa, shi ne ƙasa. Zango ɗaya yakan ci wajen eka guda. Goma sha takwas, a ce eka ashirin. In aka kwatanta da golf mai cin eka ɗari da hamsin, wannan ba komai ba ne, kuma da golf ɗin ake son a riƙa kwatantawa. Amma mu kwatanta da ƙwallon ƙafa. Fili mai zango 18, in kowane zango yana ɗauke da mutum huɗu, mutum 72 ke nan a lokaci ɗaya a kan eka ashirin. Filin ƙwallo bai cika eka biyu ba, yana ɗaukar mutum 22 ban da 'yan kallo. Ta fuskar ƙasa, ashe, wasan faifai ba mai tsimi ba ne, mai ci ne. Ga garin da lambunsa ɗan tsito ne a tsakiyar unguwa, wannan kaɗai ya isa a ce a'a.

Abin da ya cece shi shi ne irin ƙasar da yake ci. Filin ƙwallo yana son shimfiɗaɗɗen wuri ba itace ko ɗaya. Wasan faifai kishiyar haka yake so. Gangare, kwari, kurmi, bakin rafi, fadamar da ruwa ke kwanciya da damina, tsohon juji da aka binne aka shuka ciyawa, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki: wuraren da ba a iya gini, ba a iya komai, su ne daɗin wasan. Itacen da zai hana a yi filin ƙwallo shi ne abin da mai tsara zango yake nema, don a zagaye shi ake gane gwani. Saboda haka tambayar da ta dace majalisa ta yi ba ta nawa za a kashe ba ce. Ta wace ƙasa ce, kuma wa ke amfani da ita yanzu?

Nan ne, a ganina, babban amfanin yake, kuma shi ne aka fi gaggawar wucewa a kansa. Kusan kowane babban lambu yana da ƙuryar da ta mutu. Gaba yana cike da yara da iyayensu, baya kuwa ciyawa ta kai gwiwa, an zubar da tsohuwar katifa da taya, ga fasassun kwalabe, mata ba sa bi ta nan ko da rana tsaka. Hukuma takan gwada fitila, ta gwada shinge, ta gwada sintirin 'yan sanda. Sintiri yakan zo ya wuce. Jane Jacobs, a littafinta na 1961 kan manyan biranen Amurka, ta daɗe da faɗin abin da kowace tsohuwa mai zama a ƙofar gida ta sani: ba ɗan sanda ke tsare titi ba, idon masu wucewa ne, kuma lambun da ba shi da dalilin da zai kawo mutane a lokuta daban-daban na yini, ɓata-gari ne ke gadonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu a dubi yadda wasan yake tafiyar da mutane. Ba ya tara su wuri ɗaya kamar ƙwallo, ba ya kuma zubo su lokaci ɗaya ya kwashe su. Yana sako su ne kaɗan-kaɗan, biyu, uku, huɗu, kowane 'yan mintoci, su bi hanya ɗaya ta cikin kurmi daga kwando zuwa kwando. Da sassafe masu ritaya ne da karnukansu. Da rana ɗalibai da ma'aikatan da suka saci awa guda. Da yamma kowa da kowa. Ana yi da zafi, ana yi da sanyi, akwai ma masu yi cikin ƙanƙara da ɗan ƙyalle a manne jikin faifai don kada ya ɓace musu. Kuma mutane ne masu dube-dube, don rabin wasan neman faifai ne a cikin ciyawa. Mai son ya ɓuya ya yi abin da bai kamata ba, ba abin da ya tsana kamar wurin da kowane minti biyar wani zai ɓullo daga bayan itace yana cewa, don Allah ka ga wani jan faifai? Yawancin hujjar wannan batu shaida ce ta ma'aikatan lambuna da maƙwabta, ba ƙididdiga ba, kuma 'yan wasan sukan ƙara mata gishiri har ka ɗauka kwando maganin sata ne. Ba magani ba ne. Abin da aka kora daga ƙuryar nan wata ƙuryar zai koma. Amma ƙuryar da aka kora daga cikinta ta dawo hannun jama'a, kuma mai tafiyar motsa jiki da bai taɓa riƙe faifai ba shi ma ya samu hanya.

Akwai wani abu da ke biyo bayan wannan, wanda ba a iya sa masa farashi. Wurin da mutum yake zuwa sau uku a mako yakan fara jin nasa ne. Kusan kowane fili yana da ƙungiyar 'yan wasa, kuma su ne ke fitowa ranar Asabar da adda da baro su yi aikin gayya: su sare ƙaya, su kwashe shara, su zuba ɓawon itace a hanya, su haɗa kuɗin sabon kwando daga gasar mako-mako. Hukumar lambun da ma'aikatanta ba su isa ba ta sami hannaye kyauta. Har wata al'ada gare su mai daɗi: kowa yana rubuta lambar wayarsa a bayan faifai, wanda ya tsinta ya kira mai shi, ko ya jefa a akwatin da aka ajiye don haka. Ba kullum ake mayarwa ba, ɗan Adam ne, amma ana mayarwa fiye da yadda za ka zata.

Batun lafiya ba ya bukatar dogon bayani. Zango 18 tafiya ce ta kilomita uku zuwa biyar, awa ɗaya da rabi ko biyu, hawa da gangara da sunkuyo. Ba gudu ba ne, ba kuma zai mai da kowa ɗan dambe ba. Fa'idarsa ita ce yana yaudarar wanda ba ya son motsa jiki ya yi tafiya bai sani ba. Ka ce wa magidanci mai tumbi ya zagaye lambu sau uku, zai ce gobe. Ka ba shi faifai da abokin da zai yi masa dariya in ya doki itace, zai yi zagayen ya nemi ƙari. Kuma yana cikin wasannin da ba su da yawa waɗanda kaka da jika za su yi tare ba wanda ya ga an rage masa, don kowa daga inda nasa ya faɗi yake ci gaba.

In ana son ganin inda abin ya kai ƙarshe, Finland za a duba, ba Amurka ba. Filin farko a ƙasar an kafa shi a Meilahti, cikin Helsinki, a 1983. Yau ƙasar mai mutum wajen miliyan 5.6 tana da filaye fiye da dubu, wato kusan fili ɗaya ga kowane mutum dubu biyar da 'yan kai. Ba haɗari ba ne ya kawo haka. Daji ya rufe mafi yawan ƙasar, al'adarsu da dokarsu sun ba kowa damar yawo a daji ko na wane ne, kuma ƙananan hukumomi sun ɗauki samar da wurin wasa a matsayin aikinsu, kamar hanya da ruwan sha. Hanyoyin da ake sulun ƙanƙara a kansu da hunturu, da bazara babu abin da suke yi, sai aka jera musu kwanduna. Da bazarar kuwa rana ba ta faɗuwa sai dare ya yi nisa, yara sukan hau keke da jakar fayafai su tafi ba mai raka su. Garin Nokia, wanda sunansa ne a kan wayar da ta fara shiga hannun yawancinmu, ya daɗe yana karɓar babbar gasar Turai, kuma shi da maƙwabcinsa Tampere suka karɓi gasar duniya ta 2025. Maƙwabciyar Finland, Istoniya, da ba ta kai mutum miliyan ɗaya da rabi ba, ta fitar da Kristin Tattar, wadda ta ci kambun duniya na mata a 2022 da 2023. Darasin Finland dai mai sharaɗi ne: suna da daji har ya yi musu yawa. Garin da ba shi da wannan ba zai kwafi sakamakon ba don ya sayi kwando.

Hujjar baƙi da ciniki ita ce na fi ɗari-ɗari da ita. Misalin da kowa ke kawowa Emporia ne, wani gari a jihar Kansas mai mutum wajen 24,000. Can ne kamfanin Dynamic Discs ya tashi, kuma gasarsa ta shekara-shekara, wadda aka daɗe ana kira Glass Blown Open, ta kai tana tara 'yan wasa fiye da dubu a mako guda, otal su cika, gidajen abinci su yi ciniki. Garin ya karɓi gasar duniya a 2016 da 2022. Duk gaskiya ne. Akwai kuɗi a saman wasan ma, tun da Paul McBeth, mai kambun duniya shida, ya sa hannu a 2021 kan yarjejeniyar dala miliyan goma ta shekara goma da kamfanin Discraft. Amma Emporia ta zama Emporia ne saboda kamfani da filaye da yawa da aikin shekaru. Zango tara a lambun unguwa ba zai cika otal ba. Zai ƙara wa mai shagon kusa cinikin lemo da ruwa, iyakarsa ke nan, kuma kansilan da ya yarda da fili don yana hangen baƙi daga wata jiha zai sha mamaki. Mutanen unguwa ne ribar, ba baƙi ba.

To, sai ɓangaren da takardar 'yan wasa ba ta cika son a daɗe a kansa ba.

Mutane da yawa, har da kansilolin da ke kaɗa ƙuri'a, in an ce faifai suna tuna mai taushin nan ne da ake jefa wa kare a bakin teku. Da shi aka fara a Oak Grove. Amma a 1983 Dave Dunipace ya fito da faifai mai gefe kamar bakin gatari, wanda a kansa aka kafa kamfanin Innova, kuma daga nan abin ya zama wani abu dabam. Ka riƙe faifan nesa na yau a hannu: ƙarami ne, mai tauri, nauyinsa duk ya taru a gefe, bakinsa siriri. Gwani yana sakinsa da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, ya wuce mita 150. David Wiggins Jr. ya taɓa jefa shi mita 338 a 2016, da taimakon iska mai ƙarfi. Gwanin ma ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro saurayi ne mai ƙarfi da ya fara wasa makon jiya, wanda ya nufi gabas faifan ya yi kudu. A 2012, a Polliwog Park da ke Manhattan Beach a Kalifoniya, lambu mai cike da iyalai inda aka cusa kwanduna tsakanin hanyoyin tafiya, faifai ya sami wata mata a ido ya lalata mata gani. Ta kai ƙara, daga baya gari ya tumɓuke filin. Al'adar wasan ita ce ka jira hanya ta share kafin ka yi jifa, ka kuma yi ihun gargaɗi in faifai ya nufi mutum. Amma ihun yana amfani ne ga wanda ya san ma'anarsa. Mai tura keken jariri in ta ji ihu, waiwayowa za ta yi, ta ba faifai fuska.

Ƙasa da itatuwa ma suna biya. Je ka tsaya gaban daɓen jifa a filin da ake yawan zuwa, ka dubi itacen farko da ke kan hanya. Ɓangaren da ke fuskantarka duk tabo ne, ɓawo ya ɗaɗɗaye, ƙananan rassa sun kakkarye. Ɗaya ɓangaren lafiya lau. Babban itace yakan jure. Ƙarami ba ya kai labari sai an sa masa kariya. Kewayen kwando kuma, inda kowa ke tsayawa, ciyawa takan mutu, ƙasa ta daddanne ta yi tauri kamar daɓe, ruwa ya daina shiga, saiwoyi su fito fili. In a gangare ne, ruwan sama na farko zai fara kwasar ƙasa. Ƙafafun nan da na yaba a sama su ne dai suke wannan ɓarnar. A San Francisco an daɗe ana sa-in-sa kan filin Golden Gate Park saboda itatuwa, kuma da aka so kafa wani a McLaren Park mazauna unguwar suka tashi tsaye. Hujjarsu ba ta wauta ba ce. Ƙuryar da ɗan wasa ya kira matacciya, wataƙila ita ce wurin da wata ke zuwa kallon tsuntsaye, ko wani ke zuwa don kawai babu kowa. Shiru ma amfani ne, sai dai ba shi da ƙungiya, ba ya zuwa zaman majalisa da riguna iri ɗaya.

Wannan ya kawo tambayar su wa ke wasan. Ana cewa na kowa ne, kuma ƙofarsa a buɗe take da gaske. Amma cikin mambobin PDGA mata ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma a Amurka yawancin 'yan wasan farare ne. Filayen ma sun fi yawa a ƙananan garuruwa da unguwannin bayan gari, inda ƙasa take, ba a cunkoson birni inda talaka ya fi bukatar wurin shan iska ba. Akwai kuma ɗabi'ar wasu 'yan wasan, giya da hayaƙi da kiɗa daga jaka, wadda kan sa uwa ta ja hannun ɗanta su canza hanya. In gari ya ba da eka ashirin, ya kamata ya san wa ya ba.

Shi ya sa jayayyar gaskiya a wurin tsarawa take. 'Yan wasan da suka kawo takarda galibi gwanaye ne, kuma gwani dogon zango yake so, irin na gasa, wanda zai gwada ƙarfinsa. Gari kuwa abin da ya fi yi masa amfani gajeren fili ne, zango tara masu mita 50 zuwa 80, inda yaro ɗan shekara goma zai kai kwando a jifa uku bai yi fushi ba, inda kuma faifai mai kaifi ba shi da aiki. Masu tsara filaye da suka san aikinsu ba sa barin layin jifa ya ratsa hanyar tafiya, ko ya nufi wurin yara, titi, ko tagar maƙwabci. Ba sa yin zangon da mai jifa ba ya ganin inda faifansa zai sauka in akwai yiwuwar mutum a wurin. Sukan kafa wa kowane kwando mazauni biyu ko uku a riƙa matsar da shi don ƙasa ta huta. Garuruwa masu hankali sukan fara da kwandunan wucin gadi na wata shida su gani, su kuma rubuta yarjejeniya da ƙungiya kan wa zai yi shara, wa zai yi gyara, don ɗokin shekarar farko ba ya kaiwa ta biyar.

Austin, babban birnin Texas, ya ga fuska biyun a wuri ɗaya. Filin Pease Park, wani siririn lambu da ya bi gefen rafin Shoal Creek kusa da jami'a, ya shekara da shekaru yana cikin waɗanda aka fi so a birnin. Kyauta ne, a tsakiyar gari yake, ɗalibai na zuwa a ƙafa. Farin jinin nan ne ya ci shi. Ƙasa ta daddanne, gaɓar rafi ta zaizaye, tsofaffin itatuwa suka fara nuna wahala. Hukumar lambuna ta rufe filin a ƙarshen 2010, 'yan wasa suka yi ta ƙorafi, wasunsu na cewa an ɗora musu laifin ambaliya da sakacin shekaru. Birnin bai kori wasan ba. Ya tsara sabon fili a Roy G. Guerrero Park, lambu mai eka fiye da ɗari uku a bakin kogin Colorado, gabas da tsakiyar gari, aka buɗe a 2012 da daɓe da hanyoyin da aka yi don su ɗauki ƙafa. Pease kuwa aka shiga farfaɗo da ƙasarsa da dasa itatuwa. Ɗalibin da a da yake fita aji ya gangara a ƙafa ya yi zango tara kafin la'asar, yanzu sai ya nemi mota.